Tayil a Sheƙar Aku, Laifi a Kan Goggo

Akwai wani mai aikin tayil da ke zaune a bayan gidana, katanga ɗaya ce ta raba mu. Ba zan kama sunansa ba. Yana bin wannan shafin, in ya karanta zai gane kansa, kuma abin da nake so ke nan.

Gwani ne a aikinsa, wannan ba na musu. In ya shimfiɗa maka tayil a falo, sai ka ga fuskarka a ƙasa. Ciwonsa ɗaya ne. Ya yarda cewa duk abin da hannunsa ya taɓa ya gama kyau, duk abin da ya lalace kuma hannun wani ne.

Yana zaune da matarsa da yaransu, da kuma Goggo, yayar mahaifinsa. Ita ta riƙe shi, shi da ƙanwarsa Auta, tun da mahaifiyarsu ta rasu.

A danginsu an san Goggo da abu guda. Duk jaririn da aka haifa, ita ake kira ta yi masa wanka na farko. Ba kuɗi ake ba ta ba, kuma ba ta nema. Wannan shi ne matsayinta, shi ne abin da ke sa a tuna da ita. A lokacin da wannan abu ya faru Auta na da tsohon ciki, Goggo har ta sayi sabon tawul ta ninke a ƙasan akwatinta.

Shi kuwa mai tayil yana kiwon aku guda biyu, mace da namiji, a wani keji da ke barandar baya. Da macen ta fara neman wurin ƙwai, ya sayo mata akwatin sheƙa. Mai sayarwa ya zuba masa ɓarɓashin katako a ciki, irin wanda ake sharewa a shagon kafinta, ya ce ya bar shi haka.

Da ya zo gida ya leƙa akwatin, ya yatsine fuska.

"Shara ce wannan," in ji shi. "A gidana tsuntsu ma ba zai kwana a kan shara ba."

Ya zazzage ɓarɓashin. Ya ɗauko ragowar wani farin tayil mai sheƙi, ya auna, ya yanka, ya manna shi a ƙasan akwatin daidai wa daida, ko allura ba za ta shige ta gefe ba. Ya kira matarsa ta zo ta gani.

"Kin ga? Goga ɗaya da tsumma, ya fita fes. Sheƙar wa kika taɓa gani haka?"

"Sai ka sa musu fanka da labule," in ji ta, ta koma kan girkinta.

Macen ta yi ƙwai biyu. Na farko ya ƙyanƙyashe, na biyu ya biyo baya a makare. Ana cikin haka aiki ya kira mai tayil wani gari, ya bar wa Goggo amanar ruwa da abincin tsuntsayen.

Goggo ba ta iya zama da amana ba tare da ta leƙa ta ba. Kullum sai ta ɗaga murfin akwatin ta duba. Ita ce ta fara lura cewa babban ɗan akun ba ya zama kamar yadda ya kamata. Ƙafafunsa sun tale, ɗaya ta yi dama ɗaya ta yi hagu, ƙirjinsa a manne da ƙasa kamar kwaɗo. In ya yunƙura zai tashi sai ya zame. Ya sake yunƙurawa, ya sake zamewa.

Ta gaya wa matar gidan. Suka kira maigidan a waya bai ɗauka ba, injin yankan tayil ya hana shi ji.

Ranar da ya dawo, ko takalmi bai cire ba ya wuce baranda. Sai ga shi ya fito da ɗan akun a tafin hannu, idonsa jajur.

"Goggo! Me kika yi masa?"

"Ni kuwa me zan yi masa, ɗana? Haka na gan shi, har na gaya wa matarka."

"Haka kika gan shi? Lafiya lau na bar shi! Kin ɗauko shi ko ba ki ɗauko ba?"

"Na ɗaga shi sau ɗaya in duba abin da ke damunsa."

"Shi ke nan! Kin sake shi ya faɗi."

"Wallahi bai faɗi ba."

"To iska ce ta karya shi?"

Ya dangwarar mata da ɗan akun a cinya. "Ki riƙe abinki, tunda kin gama da shi." Ya juya ya sa wa kejin kwaɗo, ya jefa mukullin a aljihu.

Da abin ya tsaya nan, da ban rubuta komai ba. Faɗan cikin gida ne, ana yi ana shiryawa. Amma bai tsaya nan ba. Ya ɗauki waya ya aika saƙon murya a gurup ɗin danginsu, inda kowa yake, daga kawunnai har surukai. Na saurari saƙon da kunnena, matarsa ce ta kunna mini. Ga abin da ya ce:

"Jama'a ku taya ni jimami. Na bar wa Goggo tsuntsayena, ɗan aku ya suɓuce mata, ƙafafu sun karye. Ba na ganin laifinta, tsufa ne, hannu ya fara rawa. Don Allah a riƙa lura da abin da ake ba ta ta riƙe."

Ku sake karanta jimlar ƙarshe. Bai ga faɗuwa ba. Bai tambayi likita ba. Bai taɓa ganin hannunta yana rawa ba. Ya yanke hukunci, ya lulluɓe shi da tausayi, ya raba wa dangi.

Washegari da ya fita aiki, Goggo ta naɗe ɗan akun a ƙyalle ta ce wa matar gidan, "Tashi ki raka ni wurin likitan dabbobi. In na karya shi ina so in ji daga bakin wanda ya sani."

Likitan ya kwantar da shi a kan tawul, ya bi ƙafafun da yatsa a hankali tun daga kwatangwalo har farce.

"Mama, babu karaya a nan."

Goggo ta sauke numfashi.

"Me ke shimfiɗe a ƙasan sheƙarsu?" in ji likitan.

Matar gidan ta ce, "Tayil ne."

"Tayil? Na ɗaki?"

"Mai sheƙi ma kuwa, likita. Goga ɗaya ya fita fes."

Likitan ya dafe kai. Ya yi musu bayani dalla-dalla. Ɗan tsuntsu ƙashinsa ɗanye ne. Yana bukatar wuri mai kaushi da farcensa zai kama, don ƙafafun su tsaya a ƙarƙashin jikinsa. In ƙasa na da santsi, duk yunƙurin da ya yi ƙafafun sai su zame waje, ga nauyin uwa a kansa, har su saba da haka. In an bari ƙashin ya yi ƙwari a tale, shi da tsayuwa har abada.

"To yanzu fa?" in ji Goggo.

"Kun zo da sauran lokaci, amma ba mai yawa ba."

Ya yanko ɗan guntun soso mai laushi, ya huda ramuka biyu, tazararsu daidai faɗin jikin tsuntsun. Ya zura ƙafafun ɗaya bayan ɗaya, suka dawo ƙarƙashinsa a jere. Ya shimfiɗa ƙyalle a cikin ƙaramin kofi, ya zaunar da shi a ciki don kada ya kife.

"Kullum za a cire sosan a duba. In ƙafa ta kumbura ko ta canja launi, ya matse, a sassauta. In kashi ya ɓata shi, a sake wani. Yana girma ana faɗaɗa ramukan. A riƙa ɗumama shi, a ba shi abinci da ɗan cokali, don in an mayar wa uwar za ta tsinke sosan. Aikin yana son hannu mai natsuwa. Wa zai yi?"

"Ni," in ji Goggo.

"Sannan a cire tayil ɗin nan yau, kafin ɗayan ma ya bi sahu," in ji likitan.

Da maigidan ya dawo da yamma, matarsa ta bari ya ci abinci sannan ta gaya masa. Ya ajiye cokali.

"Likitan awaki ne zai koya mini tayil? Ya san kuɗin kwali ɗaya na irin wannan?"

"Baban yara, ba tsadarsa ake magana ba, santsinsa ake magana."

"Kun je kun haɗa baki ne don a wanke Goggo. To ga ɗaya nan a kan tayil ɗin, lafiyarsa ƙalau, saboda ba wanda ya taɓa shi. Ku zuba ido."

Ya sake taɓa aljihunsa ya ji mukullin na nan.

Daga ranar Goggo ta daina zama wuri ɗaya. In ta ɗora ruwa a wuta sai ta koma ta leƙa kofin. In ta fara ninkin kaya sai ta ajiye ta je ta taɓa ƙafar ta ji ko da ɗumi. Ɗan akun kuma ba ya taimaka mata. Ya tsani sosan, yana tsattsagarsa da baki, yana mutsu-mutsu har ya kifar da kofin. Ta gyara, ya kifar. Ta sake gyarawa.

"Kai ma taurin kan gidan ka ɗauko," take ce masa. "Zauna, don ƙaniyarka. Don kanka ake yi."

Wata safiya ta cire sosan ta ga ƙafar hagu ta ɗan yi duhu. Hankalinta ya tashi. Ta yi ta murza ta a hankali da ɗan yatsa har jini ya dawo, ta yanka sabon soso mai faɗin rami. Ranar ko abincin kirki ba ta ci ba.

Kullum in ta cire sosan sai ta ajiye shi a kan tawul ta gani. Kullum ƙafafun sai su zame su koma inda suka saba. Ta mayar da sosan. Mai tayil in ya wuce ƙofar ɗakinta sai ya ce, "Har yanzu ana wahalar da shi? Ku bar shi ya mutu cikin mutunci mana."

Ana cikin wannan Auta ta haihu, namiji.

Ba wanda ya kira Goggo. A bakin matar gidan ta ji, bayan an riga an yi wa jaririn wanka an sa masa kaya. Sai ta ce, "Wataƙila abin ya zo musu da gaggawa ne." Ta ɗauko tawul ɗin daga ƙasan akwati, ta bar wa matar gidan kofin da dogon gargaɗi, ta tafi barka.

Ta tarar da ɗakin cike da mata. Auta na kwance, surukarta na zaune a bakin gado da jaririn. Goggo ta yi addu'a, ta miƙa hannu biyu kamar yadda ta saba yi shekara da shekaru.

Surukar ta ɗan janye jaririn zuwa ƙirjinta, tana murmushi.

"Zauna abinki, Goggo, kin sha hanya. Bari in riƙe miki shi ki gan shi da kyau."

Goggo ta dubi Auta. Auta ta juya fuska wajen bango.

Hannayen nan biyu suka tsaya a iska, sannan Goggo ta mayar da su cikin mayafi. Ta leƙa fuskar jaririn ta ce, "Allah ya raya shi." Ta ajiye tawul ɗin a gefen gado ta fito. Wata ma har da rakiya tana ce mata, "A hankali Goggo, akwai matakala."

Matar gidan ta ce mini da Goggo ta dawo ba ta yi kuka ba. Ta zauna a bakin katifa ta miƙa hannayenta a gabanta tana kallonsu, tana juya su, kamar tana son ta kama su suna rawa. Wannan ne ya fi ƙona mini rai a duk labarin. An yi ta faɗa har ita kanta ta fara shakka.

Sai ɗan akun ya yi ƙara yana neman abinci. Ta tashi ta ɗauko cokali.

Shi ma mai tayil a kwanakin nan ba shi da sukuni, ko da yake ba zai yarda ba. Kafin ya fita aiki sai ya buɗe kejin ya leƙa. Da rana ya dawo da sunan ya manta wani abu, ya wuce baranda. Matarsa ta lura ya daina cewa "lafiyarsa ƙalau". Ta kuma lura ya fara tura ɗan ƙyalle a cikin akwatin a ɓoye, uwar tana fatali da shi.

Wata safiya aka ji shi shiru a baranda fiye da kima. Can sai ga shi a ƙofar ɗakin Goggo, ƙaramin ɗan akun a tafin hannunsa. Ƙafafun sun tale, ɗaya dama ɗaya hagu. Ba wanda ya taɓa shi sai shi mai mukullin.

Bai samu bakin sallama ba, saboda abin da ya gani. Goggo ta cire wa babban ɗan akun sosansa don dubawar safe, ta ajiye shi a kan tawul. Yana tsaye. Yana tangaɗi kamar mai jin barci, amma ƙafafunsa biyu na ƙarƙashinsa, farcen sun kama tawul ɗin. Ya ɗaga ɗaya ya ajiye, ya ɗaga ɗayar.

Mai tayil ya dubi wanda ke tsaye, ya dubi wanda ke hannunsa.

"Goggo..."

"Shigo ka zauna, kana tare mini haske. Ke, kawo almakashi da sosan nan."

Ya durƙusa a gabanta. Ta ce ya riƙe tsuntsun ta baya, ya tallafe ƙirjin da yatsu biyu. Ta auna faɗin jikin da ido, ta huda ramukan, ta kama ƙafar da ba ta kai tsinken ashana kauri ba.

"Riƙe shi da kyau mana, ɗana. Hannunka na rawa."

Matar gidan, da ke tsaye a kansu da waya tana ɗaukar bidiyo, ta toshe baki da gefen mayafi. Gaskiya Goggo ta faɗa, ba gori ba. Gumi yake yi, yatsunsa na karkarwa. Nata kuwa ko gezau. Ta zura ƙafa ta farko, ta zura ta biyu, ta gwada da ɗan yatsa ko ya matse, ta zaunar da shi a kofi.

"Wannan zai fi saurin gyaruwa, an kama shi da wuri. Je ka cire musu abin nan."

Ya ɗauko kurfi da guduma. Da yake ya manna tayil ɗin da gaske, sai da ya farfasa shi gutsu-gutsu kafin ya fita. Duk layin an ji ƙarar, ni ma na ji ta katanga. Ya je shagon kafinta da kansa ya roƙo ɓarɓashin da ya kira shara.

Da ya dawo ya tsaya a bakin ƙofarta, murya ƙasa-ƙasa, ya ce, "Goggo, ki yi haƙuri."

"Na yi," in ji ta. "Amma ba ni kaɗai ka gaya wa ba."

"Zan gyara."

Matarsa ba ta jira shi ba. Ta tura bidiyon a gurup ɗin dangi, ta rubuta a ƙasa abin da likita ya ce, ba ƙari ba ragi. Gurup ɗin da ke cika da surutu ya yi shiru kamar an ɗauke wuta.

Ba a daɗe ba sai ga Auta da jaririnta, ita kaɗai, ba surukar. Ta shiga ɗakin Goggo ta durƙusa. Goggo ta amsa gaisuwa, amma hannayenta na kan cinya, ba ta miƙa su ba.

Auta ta matso da gwiwa, ta ɗora mata jaririn a kan hannayen, ta janye nata gaba ɗaya. Hawaye na zubo wa Auta.

Goggo ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta juya kansa a hankali, ta leƙa bayan kunnensa, ta ɗaga haɓarsa ta duba wuyan.

"Wa yake yi wa yaron nan wanka?"

"Mama ce, surukata."

"To sannunta. Tashi ki ɗora ruwa."

'Ya'yan akun biyu yanzu suna tsaye a kan sanda. Goggo ta koma wankan jarirai. Amma ni ban rufe wannan magana ba, kuma ga dalilina.

Har yau da nake rubutun nan, mai tayil bai aika komai a gurup ɗin ba. Saƙonsa na farko na nan, bai ko goge shi ba. In matarsa ta tuna masa sai ya ce, "Ai kowa ya ga bidiyo, magana ta wuce." Ba ta wuce ba. Bidiyon ya nuna hannun Goggo lafiya yake. Bai nuna bakin da ya ce yana rawa ya janye maganarsa ba. Akwai dangin da ba sa buɗe bidiyo, amma sun ji muryarsa, kuma har gobe suna karɓe mata kofin shayi a wurin taro.

Na yi aikin koyarwa har na yi ritaya. A ajina, wanda ya yi kuskure a kan allo, a kan allo yake gyara shi, gaban waɗanda suka gani. Ba ya zuwa ya raɗa mini a kunne. Maƙwabci, abin da ake binka ba shi da yawa. Ka ɗauki wayar nan, ka danna inda ka danna a baya, ka ce da muryarka: "Goggo ba ta yar da komai ba. Tayil ɗina ne, kuma na yi mata ƙazafi." Ina sauraro ta katanga.

Darasi: Kafin ka ɗora wa wani laifi, ka fara duba abin da hannunka ya shimfiɗa. In kuma ka ɓata sunan mutum a gaban jama'a, haƙurin da ka ba shi a bakin ƙofa bai biya ba, sai ka wanke shi a gaban waɗanda suka ji. Ku tura wannan labari ga masu kiwon tsuntsaye su cire santsi daga sheƙa, ku kuma tura shi gurup ɗin danginku, don kusan kowane dangi akwai wata Goggo da ke jiran a janye wata magana.